Na'urar da na kulle a durowa

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ko na daina ɗinki, ga amsarku. Ku karanta har ƙarshe, musamman mata masu taurin kai irin nawa.

Shekara shida ina fama da ciwon suga. Ƙwaya biyu nake sha, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma ina da 'yar na'urar nan da ake huda yatsa a gwada jini.

Ranar da aka ga watan azumi na sa ta a durowar keken ɗinkina na kulle. Tun ina yarinya nake jin cewa fitar jini yana karya azumi. Ban tambayi malami ba, ban tambayi likita ba. Ƙwayoyin kuma na riƙa haɗiye su duka biyun da sahur, wai don in huta.

Kun san ni da jadawalin da nake mannawa a bango duk shekara. Izu biyu bayan asuba, keke har azahar, tafsiri a rediyo ina yankan yadi, girkin buɗa-baki, sai asham. Kayan Sallah na gidaje da yawa a Maitumbi suna hannuna. Da sahur kunu kofi ɗaya nake sha, don tuwo yana sa ni gyangyaɗi a kan keke.

Bara olsa ta sa 'yata Nafisa ta sha azumi huɗu. A gaban ƙannenta na ce mata, "A gidan nan ba a shan azumi don ciwon ciki. Lalaci ne." Ku riƙe wannan maganar.

Tun satin farko jikina ya fara magana. Gumi mai sanyi da tsakar rana, a zafin Minna. Hannuna yana rawa, zare ya ƙi shiga allura. Wata rana na ɗinka hannun riga a baibai, abin da ban taɓa yi ba. Na karanta shafi ɗaya na Alƙur'ani sau uku ban sani ba. Na ce Shaiɗan ne, na ƙara izu ɗaya.

Ranar sha bakwai ga wata, bayan la'asar, maƙwabciyata Maman Ndagi, 'yar Bida, ta shigo karɓar ɗinki. Ta tsaya tana kallona.

"Hajiya, fuskanka ya canja fa. Ka sha ruwa mana."

Na ce ta je ta ji da nata azumin.

Nafisa ta jiƙa suga a kofi ta kawo. "Mama, don Allah ki sha."

"Saura kaɗan a kira salla. So kike ki ɓata min azumin da na kawo har la'asar?"

"Mama, maganarki ba ta fita daidai."

Na buge kofin. Na tuna ƙarar faɗuwarsa a siminti. Daga nan ban san komai ba.

An ce su biyun suka ciccibe ni suka sa a Keke Napep. Na farka na ga ledar ƙarin ruwa a rataye a kaina. Abin da na fara tambaya shi ne, "An sha ruwa?"

Nas ta ce, "An sha na jiya, an sha na yau, Hajiya."

Kowace awa biyu sai an zo an huda yatsan da na hana hudawa. An ɗebi jini, an duba ƙoda, an sa ni in faɗi sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a na uku, sai da na yi tunani.

Likita bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Magani biyu a kan kofin kunu ɗaya? Sugarki ce ta faɗi ƙasa. Da an ƙara jinkiri, ko kin tashi, ba lallai ki gane 'yarki ba."

Ban gaskata ba sai da na lura da gadon da ke kusa da nawa. Wata dattijuwa ce daga Shango, ciwonmu ɗaya. Ita a ɗaki ta faɗi, aka ɗauka barcin rana take yi. Idonta a buɗe, 'ya'yanta suna kiran "Inna, Inna," ba ta juyowa. Kwana na uku aka ja labule. Allah ya jiƙanta.

Baban Nafisa ya zo da limamin unguwarmu. Liman ya ce, "Huda yatsa ba ya karya azumi, Hajiya. Kuma rangwamen da Allah ya yi wa marar lafiya, ke wace ce da za ki mayar masa da shi?"



Kwana biyar na yi. Kuɗin gwaji da magani sun cinye abin da na samu a ɗinkin, sauran yaduddukan na mayar wa masu su ba a taɓa ba.

Ranar da na dawo gida, da azahar, kowa yana azumi, Nafisa ta ajiye min tuwo a ƙarƙashin jadawalin nan nawa. Ta juya za ta fita. Na ce ta kira ƙannenta. A gabansu na kira ta malalaciya, a gabansu na roƙe ta gafara. Sannan na ci tuwon suna kallo.

Alhamdulillahi. Na gode wa Allah da ya ba ni aron wasu kwanaki. Na gode wa Maman Ndagi, da ma'aikatan asibiti, da ku masu addu'a.

Yanzu ku ji ni da kyau. Mai ciwon suga ya ga likita tun cikin Sha'aban, kada ya sauya lokacin magani da ra'ayinsa. In kun ji rawar jiki da gumi mai sanyi, ku gwada jini, ku buɗe baki, ko da ladan yana gyaran murya ne. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa, a kai shi asibiti. Ku kuma iyaye, in yaro ya ce ba shi da lafiya, ku saurara kafin ku yi wa'azi.

Na'urar tana kan keke yanzu, kusa da Alƙur'anina. Makullin durowar yana hannun Nafisa, kuma ta ce ba za ta ba ni ba.