Kumburin Ƙafar Malam Idi

Har gobe ina tuna safiyar da Malam Idi ya shigo ofishina da takalmin aikinsa a hannu. Lokacin ina foman a wani kamfanin jima a Challawa, shi kuma yana kula da boila, wato babbar tukunyar tururi. Mutumin Ringim ne mai shiru-shiru, da aikin nan kaɗai yake riƙe iyalinsa.

"Ranka ya daɗe, na bar aiki," ya ce. "An binne mini abu a bakin boila, na taka. Dubi ƙafafuna."

Sun kumbura suntum. Raina ya ɓaci, amma na lallashe shi mu fara biyawa asibitin kamfani wajen Sista Rabi, nas ɗinmu.

Na ɗauka faɗa za ta yi masa, don ni ma faɗan ne a bakina. Sai ta ba shi kujera, ta saurari labarin sammun har ƙarshe. Sannan ta danna idon sawunsa da yatsa.

"Baba, maganin hawan jinin da muka ba ku, yaushe kuka fara sha?"

"Bayan ƙaramar salla."

"Kumburin fa?"

Ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "Bayan na fara shan maganin ne."

Ta ce, "Jijiyoyin jini suna da tsoka. Ƙwayoyin halittar tsokar suna da 'yan ƙofofi da sinadarin kalsiyam ke shiga. In ya shiga, tsokar ta matse jijiya, jini ya hau. Maganinku ƙofofin yake toshewa, sai jijiya ta saki. Amma in ƙananan jijiyoyin ƙafa suka buɗe sosai, ruwa kan tsattsafo ya taru."

Malam Idi ya ce, "Wato kamar bawul ɗin boila ne ya buɗe da yawa?"

"Kun gane. Kada dai ku daina sha da kanku."

Nan take ta kira likita, ya duba shi, aka canza masa magani. Cikin 'yan makonni ƙafa ta sace, Malam Idi ya koma boilarsa har ya yi ritaya.

Daga baya na tambaye ta me ya hana ta ƙaryata sammun tun farko.

"Foman, da na yi masa dariya, gida zai tafi ya watsar da maganin. Hawan jini kuwa ba ya sallama."

Matar nan ta burge ni ƙwarai. Tun ranar, in ma'aikaci ya zo mini da zancen da na raina, sai na ja masa kujera tukuna.