Fim ɗin da ba mu ga ƙarshensa ba

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Alƙahira, na taɓa ɗora wa kaina aikin da babu wanda ya sa ni. Wai ni ce zan shirya wa wata bikin Kirsimeti. Ni da iyakar sanina game da bikin bai wuce abin da nake gani a talabijin ba, sai kuma shinkafar da maƙwabtanmu ke aiko mana a Kaduna tun ina yarinya.

Matar ƙawata ce, amma ta ba ni shekara kusan goma, don haka Yaya nake ce mata. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista. Aikin girki da raino take yi a gidan wasu masu hali a unguwar Mohandessin, can take kwana, sai ranar Juma'a ta zo hutu ɗakin da ta kama a benen da muke haya a unguwar Madinat Nasr. A kan matakala muka haɗu. Ina waya da mahaifiyata ina mata kukan sanyi da mura, sai na ji daga bayana an ce, "Ki nemi citta da kanumfari, 'yar Kaduna, waya ba ta maganin mura." Na juya na ga mace da leda a kowane hannu tana min dariya. Tun daga ranar muka ƙulle. Malama take kirana don tsokana, saboda kullum tana ganina rungume da littattafai. Tuwon miyar kukar da na ci a ɗakinta ba ya ƙirguwa.

A shekarar da nake ba ku labari mahaifiyarta ta rasu, kuma ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ta daure sosai. Amma da Disamba ya kama sai Yaya ta yi sanyi. Ta daina tsokana, ta daina waƙe-waƙenta in tana wanki. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce, "Malama, bana babu Kirsimeti a wurina. Ranar za ta zo ta wuce kamar kowace rana." Ta ƙara da cewa garin ma bai san da zamanta ba, tunda Kiristocin Masar sai bakwai ga Janairu suke nasu bikin, kuma uwar ɗakinta ma hutun bakwai ga Janairun ta yi mata alkawari.

Maganar ta tsaya min a rai. Na duba kalanda na ga ashirin da biyar ga wata ta faɗo ranar Juma'a, ranar hutunta. Na ce wa kaina in dai ina garin nan, ranar ba za ta wuce mata haka kawai ba.

To daga nan ne na fara nuna gwanintata. Na hau mota na tafi Wustul Balad, wato tsakiyar birni, na bi shaguna ina leƙen gilasai. Na ga bishiyoyin roba an lafta musu auduga wai dusar ƙanƙara. Na ce yauwa, ga Kirsimeti nan an ajiye a shago. Na sayo igiyar ƙananan fitilu masu walƙiya da jar hula mai farin tuntu. Sannan na yi bincike kamar mai shirin jarrabawa a kan abin da ake kira fim ɗin Kirsimeti, na fahimci sai da ƙanƙara, da murhu a falo, da kyaututtuka a naɗe, da wasu da suka yi faɗa su shirya kafin ƙarshe. Na sauke ɗaya a kwamfutata wanda ya haɗa duka.

Ranar Juma'ar da ta rage mako guda na kai mata, wai don ta fara shiga yanayi. Ta sa hular don kar ta kunyata ni. Muka zauna a kan katifa muna kallo, ni ina satar kallon fuskarta. Ko gezau. Can da aka nuno Bature yana ta faman share ƙanƙara a ƙofar gidansa sai ta ce, "Wayyo, bawan Allah. Ranar biki ma ba a bar shi ya huta ba." Ta cire hular ta ajiye a hankali. "Kin kyauta, Malama. Amma wannan Kirsimetin wasu ne."

Na ji kunya, amma na cije na tambaye ta to wanne ne nasu. Sai ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ta ce a gidansu fim ɗaya ne tak, wani tsohon fim ɗin Indiya a kaset ɗin bidiyo, da mahaifinta ya sayo tun tana firamare. Babu ƙanƙara a ciki, babu coci, babu ko kalmar Kirsimeti. Labarin wasu 'yan'uwa ne da aka raba tun suna ƙanana. Duk shekara in an dawo daga coci sai a tayar da janareta a saka shi, yaran unguwa, Musulmi da Kirista, su cika falo har bakin ƙofa. Ta manta sunansa, amma ta rera min kan wata waƙa daga ciki.

Kusan sati guda na yi ina nemansa. Ni da aka turo in karanta fiƙihu, sai ga ni na bi tsofaffin finafinan Indiya ɗaya bayan ɗaya ina sauraren waƙoƙi. Abokiyar ɗakina, wata 'yar Sakkwato mai tsananin kiyaye addini, ta dube ni ta ce, "Ukhti, lafiya kuwa?" Na ce mata bincike nake. Ranar Laraba na dace da shi.

Ranar Kirsimeti Yaya ta dawo daga coci wajen azahar. Na yi sallata, na ɗauki kwamfuta na hau ɗakinta ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa. Da sautin farko ya tashi ta dafe ƙirji. "Shi ne! Malama, a ina kika tono shi?" Ta gyara zama, tana faɗin maganganun kafin 'yan wasan su faɗa. Na ce a raina shi ke nan, aiki ya yi kyau.

Muna cikin kallo, kamar minti arba'in da farawa, waƙar nan tata ta zo. Sai na ga ta waiga wajen ƙofa. Ta sake waigawa. Sannan ta ce, "Tsayar da shi."

Na tsayar.

"A nan Mama ke kirana," in ji ta. "Daidai waƙar nan shinkafa take nuna. Sai ta ƙwala min kira daga kicin, in zo in ɗauki langa in fara kai wa maƙwabta. Gidan liman, gidan mai shayi, gidan ungozoma, har layi na uku. Kafin in gama zagaye an kashe janareta. Kin san ban taɓa ganin ƙarshen fim ɗin nan ba? Kullum ina ƙunƙuni. Yau ga shi babu mai kirana."

Ta yi kuka sosai, irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da aka sanar da ita rasuwar. Ni kuwa na zauna da fitiluna masu walƙiya na rasa inda zan sa kaina. Da ta lafa na ce mata, a hankali, me zai hana mu dafa. Ta share fuska ta ce ta yi tunanin haka tun farkon wata, amma wa za ta kai wa? Benen nan rabinsa ɗaliban addini ne. Ta ce ko a gida, a shekarun baya-bayan nan, akwai gidajen da suka fara dawo musu da langa ba a buɗe ba, kuma abin yana yi wa Mama ciwo har ta rasu. Ba za ta iya jure a yi mata haka a baƙon gari ba, ba bana ba.

Sai ta dube ni ido cikin ido. "Ke fa, Malama? In na dafa da sunan abincin yau, za ki ci?"

Zan faɗa muku gaskiya, ban amsa nan take ba. Na yi shiru na ɗan lokaci, kuma ta lura. Abokiyar ɗakina ce ta faɗo min a rai, da abin da za a ce a tsakanin ɗalibai. Na iya hawa mota har Wustul Balad, na iya kwashe mako ina neman fim, amma abin da ya fi sauƙi, buɗe baki in ci, shi ne ya sa ni jinkiri. Sai na tuna mahaifiyata, mace mai tahajjud da azumin Litinin da Alhamis, yadda take karɓar langar maƙwabciyarmu da hannu biyu, ta juye, ta wanke, ta zuba gyaɗa a ciki kafin ta mayar. Da Babbar Sallah kuma cinyar rago sukutum take aika musu.

Na ce, "Zan ci, Yaya. Har ƙari zan nema."

Ta miƙe ta ɗaura zani. "To yalla, tashi mu je, rana na tafiya."

Muka sauka wurin mai kaji a bakin titi. Ta ja ni gaba ta ce in tsaya in ga yankan da idona, ni ce shaida. Ta ce haka Mama take yi, liman take aika wa ya zo ya yanka kajin Kirsimeti don kowa ya ci hankali kwance. Mai kajin ya yi bisimilla ya yanka, yana mamakin yadda mata biyu suka tsare shi da ido. Kafin la'asar sakaliya ƙamshin dafa-duka ya cika matakala. Ba mu da langa, sai muka tattara duk wani kwano da roba mai murfi da ke ɗakinta. Ita ke ɗauka, ni ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Yaya ta ce mu fara da inda ba za a ƙi mu ba, wato gidan wata dattijuwa Bamisriya Kirista a hawa na biyu. Matar ta buɗe, ta ɗaga murfi, ta ga cinyar kaza, sai ta riƙe baki. "Ma'alish ya binti, yi haƙuri 'yata, azumi muke!" Ashe su kafin bikinsu makonni suke yi ba sa cin nama. Duk benen, gidan da muka tabbatar za a ci, shi ne gidan da ba a iya ci ba. Na ga fuskar Yaya ta faɗi. Amma dattijuwar ta riƙe kwanon gam, ta ce ba za a fita da shi daga gidanta ba, za ta ba mai gadin bene da iyalinsa da hannunta, ladan na Yaya. Ta rungume ta ta yi mata barka da shekara.

Daga nan sai gidan Hajja, wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da kakanninta suka baro ƙasar Hausa a hanyar Makka. Ta sa hannu ta ɗanɗana tun a tsaye. Ta ce, "Tamam! 'Yata, wannan barkonon na can gida ne. Gobe ma bikin ne?" Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ƙofarmu ce ta ƙarshe, kuma ita ce na fi tsoro. Abokiyar ɗakina ta buɗe, ta dubi kwanon, ta dube ni, ta dubi Yaya. Ba ta yi mata barka da biki ba. Amma ta miƙa hannu biyu ta karɓa, ta ce, "Mun gode, Anti. Allah ya bar zumunci." Har yau ban san ko ta ci ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne washegari kwanon ya koma ɗakin Yaya a wanke, cike da dabino.

Muka koma sama muka ci namu a faranti ɗaya, na kuma nemi ƙari kamar yadda na yi alkawari. Kwamfutar na nan a buɗe, hoton ya tsaya a tsakiyar waƙa. Na ce mu ƙarasa? Ta dube shi jim kaɗan, sannan ta sa hannu ta rufe. Ta ce, "Bar shi. Na riga na yi Kirsimeti."

Ranar bakwai ga Janairu dattijuwar nan ta hawo bene da kanta, tana haki, ɗauke da kwanon Yaya shaƙe da shinkafa da nama da gurasa irin na bikinsu. Yaya ta ce a shekarar da ta ce ba ta da Kirsimeti, sai ga shi ta yi biyu.

Na sha tunanin ranar nan. Na je da niyyar in ba ta, ban san abin da ta rasa shi ne wanda za ta ba ba. Kuma duk lokacin da na ji ana gardama a kan wane fim ne na Kirsimeti, wanne ne ba shi ba, sai in yi murmushi. Ba na jin amsar tana cikin fim ɗin. Tana wurin mutanen da suka cika falon, da ƙamshin da ke fitowa daga kicin, da muryar da ke katse miki kallo kina ƙunƙuni, ba ki san wata rana za ki nemi ta kira ki ba. Abin da har yanzu yake ci min rai shi ne shirun nan da na yi kafin in amsa mata. Ba ta taɓa tayar min da zancen ba.

Yanzu duk mun dawo gida, ita tana garinsu, ni ina Kaduna. Fim ɗin yana nan a tsohuwar kwamfutata, ban taɓa wuce waƙar ba. Duk ranar Kirsimeti da yamma sai ta kira ni, muryarta a gajiye, ina jiyo ƙarar kwanuka a bayanta. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Malama, kin ga ƙarshensa?" In ce a'a. Sai ta ce, "Ni ma haka. Bana ma 'yata ta fita da langa tana ƙunƙuni."