Adireshin Ƙanena

Shekarun baya na sha wahala, kuma ba wahalar kaya ba. Ni da nake sauke kwalaye daga mota tun zuwana Paris, ban taɓa gajiya irin ta wancan makon ba.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya fito daga kaso. Ba zan yi muku kwana-kwana ba. A otal ɗin da yake aiki ya tare wata mata abokiyar aikinsa, ya kai hannu jikinta da ƙarfi da nufin lalata. Ta kai ƙara, kotu ta tabbatar, aka ɗaure shi. Ya yi ɗin. Ban taɓa cewa sharri aka yi masa ba, ko mahaifiyarmu da take kuka a waya ban gaya mata haka ba.

Da ya fito, ni na ɗauka magana ta ƙare. Ashe da saura. Matar da kotu ta ɗora ta bi lamarinsa ta zaunar da mu a ofishinta a Bobigny, gefen Paris, ta ce sunansa ya shiga rajistar masu irin wannan laifi. Ba a liƙa ta a bango, hukuma ce kawai ke gani. Amma duk shekara sai ya kai shaidar inda yake kwana. In ya sauya gida, kwana goma sha biyar gare shi ya sanar. In bai yi ba, wani sabon laifi ne, ana iya maida shi kaso. Faransancina na kasuwa ne, sai da na sa ta maimaita har ta fara yi mini kallon kurma.

Adireshin da ya bayar na fuwaye ne a Montreuil, gidan nan na ma'aikata da mutanenmu ke cunkushe a ciki. To, labari ya riga shi isa. Dattawan fuwaye suka kira ni, aka dafa shayi, aka yi gaisuwa mai tsawo, sannan babbansu ya ce, “Malam, a rufa asiri. Yaron nan ya bar Paris. Akwai Alhaji mai shago a Lyon, mutumin garinku ne, yana neman mai taya shi.”

Na ce, “Baba, hukuma na son takardar masauki. Sai Alhaji ya sa hannu cewa a gidansa yake.”

Ya yi dariya. “Wace takarda ce ba mu sa wa hannu ba? Ka ce masa ta firifektir ce, ofishin takardun zama. Wa ke tambaya?”

Gaskiyarsa. A wurinmu takardar masauki kamar ruwan sha ce. Ɗan gari ya nema don gyaran takardun zama, ka sa hannu, ka haɗa masa da takardar kuɗin wuta, ba ka ce don me ba. Tambayar ma abin kunya ce. Ni kaina na yi wa mutanen da ban san sunan ubansu ba.

Kuna iya cewa don me ban ɗauke shi gidana ba. Ɗaki ɗaya gare ni a Bobigny, iyalina na gida. Amma ba ƙarancin wuri ba ne. Ba na son sunana da lambar ƙofata su shiga wannan rajista, 'yan sanda su riƙa ƙwanƙwasa mini maƙwabta na leƙe. Sai na kwashi jakarsa muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon, ina jin kaina mai dabara.

Alhaji ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ya kai mu gida, Hajiya ta yi dambu. 'Ya'yansa mata biyu suka shigo da tire, suka durƙusa suka gaishe mu. Alhaji ya nuna wa ƙanena ɗakin da zai zauna, ƙofarsa na kallon tasu. Ya ce babbar ita ke riƙe masa shago da rana, tare za su riƙa aiki. Sannan ya ɗauko biro.

“Ina takardar? Kawo in sa hannu kafin la'asar.”

Na tsame hannu daga dambun. Na ce, “Alhaji, ajiye biron tukuna.”

Ƙanena ya taka mini ƙafa. Na janye ƙafata. Na gaya wa Alhaji komai, ba ragi: matar, kotun, kason, rajistar. Na ce in ya sa hannu, ya san abin da ya sa wa hannu.

Ya ajiye biron. Da ya buɗe baki bai ɗaga murya ba.

“Mutanen Montreuil sun san haka suka turo mini shi?”

Na ce sun sani.

“Allah ya isa tsakanina da su. Kai kuma, Malam, na gode. Ku ci ku ƙoshi. Amma ba zai kwana a gidan nan ba.”

Ban ga laifinsa ba. Da ni ne, ko cin abincin ba zan jira ba.

A tasha ƙanena ya fashe. “Yaya, ka kashe ni! Wa ya tambaye ka? Kai ne limamin Faransa? Yanzu ba Montreuil, ba Lyon. Me zan kai musu, adireshin benci?”

Na ce, “Ni na kashe ka? Ni na tare matar mutane?”

Ya ce to ya san abin yi. Zai ɓace, ya gangara Marseille, ba mai ganinsa.

Na riƙe masa hannun riga kamar yaron goye, ƙato da gemunsa, mutane na kallo. Na ce, “Wallahi in ka sauka daga jirgin nan kafin Paris, ni da ƙafata zan je in ce ka gudu. Gwada ni.” Muka shiga jirgi, bai sauka ba sai Paris.

Yau in na tuna, abin da na gane shi ne rufin asirin da muke taƙama da shi wani lokaci ɗaukar matsala ne a ajiye ta a gidan wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma wannan rajista ba ta tambayar ko kana jin kunya. Abu ɗaya take so: ina yake kwana. Har yanzu wasu a fuwaye ba sa amsa sallamata da kyau. Su sha shayinsu.

Washegari da safe na tashe shi a ɗakina na Bobigny. Na zauna na kwafi takardar masauki da wannan mummunan rubutu nawa, sai da na yaga biyu. Na sa sunana, na sa lambar ƙofata, na ɗauki takardar kuɗin wuta da katin zamana. Na tasa shi a gaba har komisariya, ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan da ke bakin kanta ya duba takardar, ya dube ni, ya ce, “A wurinka yake zaune?”

Na ce, “A wurina.”