Ranar da Rumbuna Ya Yi Fillanci

Na yi wauta iri-iri a rayuwata. Wasu na manta da su, wasu kuma mutane sun yi mini kara sun daina tunawa. Amma akwai guda ɗaya da ba na jin za ta bar kaina har a kai ni makwanci, domin ita ce wautar da na ƙera da hannuna, na sake ta a kasuwa, ta zaga ta dawo ta kama ni. Karatun bokona aji biyu ne, rabinsa ma a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi, don haka mai karatu ya yi mini uzuri tun yanzu.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Toranke. Tsakaninmu da rugar Fulani akwai fadama, kuma duk wanda ya gangara cikinta wayarsa ta zama madubi, babu sabis ko na rantsuwa. Kowace kaka sai an yi rigima, shanu su ɓalle su shiga gona, kafin labari ya iso an cinye rabi. Da aka gaji, sai manoma da makiyaya suka haɗa hannu aka sayo oba-oba, wato rediyon nan na hannu da ake danna gefensa a yi magana, duk mai riƙe da irinsa ya ji, ba kati ba sabis. Aka ba Ardo ɗaya, aka ba ƙaninsa mai fita kiwo ɗaya, ni kuma aka ba ni ɗaya saboda gidana ne na ƙarshe ta wajen gonaki. Sharaɗin shi ne, in shanu suka ɓalle a kira ni, in fita da sanda in tare su kafin masu su su iso. In an kira ban amsa ba, babu manomin da zai nemi diyyar ɓarna. Ni da bakina na nace a sa wannan sharaɗi, don in nuna ni ba mai barcin rana ba ne.

Ardon nan abokina ne tun muna yara. Kakana Babarbare ne, don haka akwai wasa tsakaninmu, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Babarbare.

Ban taɓa riƙe muƙami ba sai wannan, kuma na ci shi yadda ya kamata. A aljihun gaba nake saka oba-obar, eriya a tsaye tana taɓa gemuna. Ko mai ɗakina ta tambaye ni tuwo ko dambu, sai in ce, “Tuwo, oba,” yadda ake rufe magana a cikinta. Sai da liman ya roƙe ni in riƙa kashe ta a masallaci, bayan ranar da yana tsakiyar karatu Ardo ya tambayi sahun gaba ko an ga wata jar karsana.

Wata ranar kasuwar Gaya, bayan an kai gero gida amma wake yana gona, batirinta ya fara sanyi. Na kai ta wurin mai gyaran rediyon da ya sayo mana su. Na tarar da rumfarsa cike, ga shugaban 'yan sintirin wata unguwa, ga mai gadin wata makaranta, kowa da tasa a hannu, fuskoki kamar an zo gaisuwar mutuwa.

“Baba, sannu da zuwa,” in ji mai gyaran. “Kai ma labarin ka ji?”

“Wane labari? Ni batir na zo saye.”

“Kamfanin da ke ƙera su ne aka sayar. Wasu mutane daga wata ƙasa suka saye shi, da shi da duk kayansa. Dilana na Kano ya ce bai san ko za a ci gaba da yin batirin wannan samfurin ba.”

Shugaban 'yan sintirin ya ce shi damuwarsa ita ce in sun ƙaro sababbi, ko za su ji maganar tsofaffin. Mai gadi ya ce in ta lalace wa zai ba shi kayan gyara. Mai gyaran ya ce wallahi shi ma bai sani ba, sabon mai gida yana iya riƙe abin da ya tarar, yana iya watsar da shi. Duk maganganun hankali ne. Ni kuwa ban iya ganin mutane cikin jimami in bar su haka ba, sai na ji bakina yana ƙaiƙayi.

Na gyara murya na ce, “Ku batir ne ya dame ku? Ɗan nan, sake faɗa. An sayar da kamfani da me?”

“Da duk kayansa, Baba.”

“To. Lokacin da mahaifina ya sayar da gonarmu ta gabas, akwai ɗorawa a ciki, mu muka raine ta. Da shekara ta zagayo muka je kaɗo kalwa, sabon mai gona ya kore mu. Ya ce gona ya saya da itatuwanta. Yanzu ku duba abin da ke hannunku. Tambarin wa ke jiki?”

Kowa ya juya tasa yana kallon tambarin kamfani.

“Shanun da ke ɗauke da shaidar mutum, in ya sayar da garke, na wa suka zama? Ku jira dai. Masu kaya suna nan tafe.”

Mai gyaran ya yi dariya ya ce, “Baba, kai dai ba ka gajiya.” Amma mai gadin bai yi dariya ba. Na ga ya zura tasa cikin wando ya fice ba sallama. Na sayi batir guda da ya rage a rumfar, aka saka mini, na fita ina jin daɗi kamar wanda aka ba kyautar doki.

Na zaga kasuwa, na ci tsire, na yi salla, na tsaya taya wani cinikin akuyar da ba ruwana da ita. Da la'asar na hau acaɓa zuwa gida. Mun ɗan yi nisa sai ɗan acaɓan ya waiwayo ya ga eriya.

“Baba, ka ɓoye abin nan. Ba ka ji ba? Sababbin masu kamfanin sun iso Kano. Gida-gida suke bi da farar mota suna karɓe kayansu.”

Na yi murmushi a bayansa na ce, “Wa ya faɗa maka?”

“Duk kasuwa ta ɗauka. An ce har Kademi sun je. Kuma ta cikinta suke jin inda mutum yake, su yi masa magana da yarensu. Wanda suka tarar ya yi amfani da ita bayan ciniki, da shi za su tafi.”

“Na ce wa ya faɗa?”

“Wani dattijo ne masani, shi ma yana da irinta. An ce ya daɗe yana hulɗa da kamfanin.”

Mai hankali zai gane dattijon nan. Ni ma na fara ganewa, sai kuma na tsaya lissafi. Ni ban ce farar mota ba. Ban ambaci Kademi ba. Kuma ban taɓa hulɗa da kamfani ba, kuma babu wanda ya taɓa kirana masani. Ashe ke nan akwai wani dattijon daban, wanda ya san abin da ni na faɗa da ka. Kafin mu iso gida na gama yarda cewa Allah ne ya sa gaskiya ta fito daga bakina ban sani ba.

Ina shiga na ɗauki wuƙa na kankare tambarin, na naɗe ta a tsohon rawani, na kafa tsani na hau rumbu, na tura ta can ƙarƙashin dammunan gero. Kashewa ce kawai ban yi ba, ga sabon batir cike da ƙarfi.

Mai ɗakina tana tsakar gida tana kallona. Ta ce, “Malam, yau kuma muƙamin ne aka kai ajiya?”

“Ke dai in baƙi suka zo da farar mota, ba ki taɓa ganinta ba.”

“In Ardo ya kira fa?”

“Kwana biyu ne, ƙura ta lafa.”

Washegari bayan azahar ina kishingiɗe a zaure, sai ga mai ɗakina ta leƙo, hannunta duk gari. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, rumbunka yana magana.”

Na je na kara kunne a jikin rumbu. Murya ce ta namiji, a shaƙe, tana fitowa ta cikin gero da ƙara kamar ana soya gyaɗa, ga sauri kamar ana kora shi. Ba Hausa ba ce. Na ji ana ta maimaita “na'i, na'i,” sai kuma “nyebbe.” Na ce a raina, yaren masu kamfani ke nan.

A nan ne nake so mai karatu ya san girman abin. Tun ina yawo ba wando na san na'i shanu ne da Fillanci, nyebbe kuma wake. Da waɗannan kalmomin nake tsokanar masu tallan nono. Amma tsoro ya toshe mini kunne, Fillancin da na tashi a cikinsa ya koma mini yaren ƙetaren teku.

Mai ɗakina ta ce, “Ni fa kamar muryar Ardo nake ji.”

“Haka suke yi. Sai su ari muryar wanda ka sani.”

Sai muryar ta ƙara ƙarfi, na ji ƙarara an ce, “Babarbare. Babarbare, kana ina?”

Na dube ta na ce, “Kin ji ko? Har asalina sun bincika.”

Na hau tsani, ba don in ciro ta ba. Na jawo wasu dammunan na ƙara danne ta har muryar ta koma kamar kukan sauro. Sannan na sauko na zauna a gindin rumbu ina jan carbi, ina sauraron ƙarar mota.

Ƙarar da ta zo ta babur ce. Ardo ne, rawani a warware, ƙafafu duk taɓon fadama, ga maƙwabta sun biyo shi har tsakar gida.

“Babarbare, kana raye ashe? Shanu sun tsinke daga hannun ƙanina, sun haye fadama. Tun suna bakin ruwa nake kiranka. Ina oba-obar?”

Na ce, “Ta lalace.”

Ya ciro tasa daga aljihu, ya danna, ya ce, “Salamu alaikum.”

Rumbuna ya ce, “Salamu alaikum.”

Wani maƙwabcina, Allah ya saka masa, har amsawa ya yi.

Gonar da shanun suka fara tararwa tawa ce, domin ita ce ta bakin fadama. Daga ƙofar gidana ana hango ta. Da na fita da sanda a kiran farko, da ko ganye ba su taɓa ba. Da muka isa, ƙanin Ardo ya riga ya kore su, amma waken da nake shirin roro a makon nan, wanda shi ne cefanenmu na rani, ya koma kara da kashin shanu. Na tsaya a tsakiya ina kallo. Babu wanda ya yi maganar diyya, ni ma ban yi ba, don kowa a wurin ya tuna bakin da ya kawo sharaɗin.

A nan bakin gona aka sa ni na yi bayani, tun daga ɗorawar mahaifina har farar mota. Wani da ya je kasuwar jiya ya ce, “Af, ai kai ne dattijon masanin.” Mutane suka yi dariya har wasu suka zauna a kan kunyar gona. Ardo kaɗai bai yi ba.

Masu kamfani dai har yau ba su zo ba. Batir ya yi wuya na wani lokaci, sannan ya dawo da wani tambari da ƙarin tsada. Sababbin oba-oba da aka sayo daga baya suna jin tsofaffin sarai. Wato abin da mutanen rumfar nan suka ji tsoro yana da tushe, nawa ne kawai ba shi da shi. Oba-obar kuwa aka karɓe ta aka ba mai ɗakina, ita ce ke riƙe da ita har yanzu, kuma in na tambaye ta ko abinci ya sauka sai ta ce, “Saura kaɗan, oba.”

Abin da na koya shi ne, maganar da ka saka a kasuwa don ka tsorata wasu ba ta san mai ita ba, in ta dawo da sabuwar riga kai ma za ta tsorata ka. Na kuma koyi cewa kamfani yana iya sauya hannu sau goma a can inda ban sani ba, amma wanda ke ɗaya gefen yana kirana shi ne dai maƙwabcina, kuma shi na yi wa alkawarin amsawa.

Da rani ya shiga, Ardo ya kawo shanunsa suka kwana a gonar tawa har ta sha taki, bai karɓi ko zangarniya ba. Ranar da za su tashi na je yi masa godiya, na fara jawo wasan da muka saba, na ce bawa ya kyauta wa ubangidansa. Ya bar kallon shanunsa ya juyo gare ni.

Ya ce, “Babarbare, na ji an sayar da kamfani. Amma ni wa ya sayar da ni, da har ka kasa gane muryata?”

Ni da ban taɓa rasa amsa a bakina ba, har yau ban ba shi ba.