Allin Kawu

Ni na rubuta takardar da ta kori yayana daga tasha. Har yau idan na faɗi haka a gidanmu, ba wanda ke ce mini a'a.

A tashar motocin da ke zuwa Djougou, can wajen Gare, tashar jirgin ƙasa ta Parakou, akwai wani baƙin allo a jikin bango, inda ake jera lambobin motoci da alli. Wanda lambarsa ke sama shi ke lodi. Shekara da shekaru Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, shi ne shugaban direbobin. Shi ke kafa doka, shi ke riƙe da alli, idan biyu suka yi faɗa kuma shi ke raba gardama yana tauna goronsa. Mutumin kirki ne, sai dai kirkinsa ya fi sauka a kan 'yan Djougou, garinmu. Kowa ya sani, kuma ana ta ƙunƙuni a bayan motoci.

Da aka ce kowace ƙungiya ta kawo dokokinta a rubuce kafin a yi mata rajista, sai aka tuno da ni, malamin makarantar da ke cikin dangi. Lokacin ina koya wa yara yadda kundin tsarin mulki ya raba iko gida uku: majalisa ta kafa doka, gwamnati ta zartar, kotu ta yi hukunci, don kada hannu ɗaya ya tattare komai. Kaina ya cika da abin har yana rawa. Na zauna na raba tasha kamar ƙasa. Babban taron direbobi, sau ɗaya a shekara bayan Babbar Sallah, shi zai kafa doka. Dattawa uku da suka ajiye tuƙi su za su yi hukunci, kuma maganarsu ita ce ta ƙarshe. Shugaba ya zartar.

A kundin ƙasa, shugaba yana iya yi wa wanda aka hukunta afuwa. Da na iso wurin nan na ɗaga biro, na tuno da Kawu da 'yan garinsa, na tsallake.

Ranar da na karanta musu, ina fassarawa daga Faransanci, Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, ɗan boko, ni me ka bar mini?"

Na ce, "Alli, Kawu."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya murmusa ya sa hannu. A taron nan ne direbobi suka kafa dokar cewa duk wanda aka kama sau uku yana ɗaukar fasinja a wajen tasha, a goge lambarsa daga allo gaba ɗaya. Har da ni a masu tafi.

Bayan shekara biyu, wata Lahadi da hantsi, Inna ta kira ni daga Djougou. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce, "Ka ji abin da takardarka ta jawo?"

An ga Yaya ya yi lodi a ƙofar gidansa a unguwar Banikanni, nan Parakou. Karo na uku ke nan, domin Yaya ba ya jin magana tun muna yara. Dattawa za su zauna ranar Alhamis. Mutum ne mai mata da 'ya'ya huɗu, bai san wata sana'a ba sai hanyar nan, kuma direban da ba shi a allo ba shi da inda zai tsaya ya cika mota.

Kwana huɗun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Na ɗauko kwafin takardar ina bin ta layi layi, ina neman wata 'yar kafa da na manta ban toshe ba. Babu. Ashe na iya aiki. A aji yara suna rera mini rassan gwamnati uku da ƙarfi, ni kuwa ina jin kamar da gangan suke yi. Na kira Yaya sau biyar, bai ɗauka ba.

Ranar Talata na tafi Djougou. Inna tana tsakar gida tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Je ka gaya wa kawunka ni na goya shi. Na ce ya kashe maganar nan."

Na ce mata yanzu ba shi da ikon haka.

Ta ce, "Wa ya ƙwace?"

Na juya na koma Parakou.

Washegari na sami Kawu a rumfar tasha bayan azahar. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da saƙon Inna, sannan na ƙara nawa. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma na faɗa: na roƙe shi ya ɗage zaman, ko ya ɗan yi wa dattawan magana a kunne. Ni da bakina, wanda ya rubuta cewa shugaba ba zai sa baki a hukunci ba.

Kawu ya ce, "Nuna mini wurin a takarda."

"Babu, Kawu."

"An ce mini shugaban ƙasa ma yana yafe wa mutum. Me ya sa ni ba ka sa mini ba?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ka ji tsoron in riƙa yafe wa nawa. To, ga nawa ya zo." Ya ɓare goro bai ci ba. "Da farko na ji haushinka, yaro. Amma tun da takardar nan ta zo, direbobin da ba 'yan garinmu ba sun daina binciken allo idan na juya baya. In na taɓa ta yau saboda ɗan yayata, gobe ba mai yarda da allin nan."

Ranar Alhamis tasha ta cika. Dattawan uku suna kan benci, Yaya yana tsaye, hularsa a hannu. Bai musa ba. Ya ce maƙwabtansa ne za su ta'aziyya Djougou, cikinsu da wata tsohuwa da ba ta iya hawa babur zuwa tasha. Ya ce na farko da na biyu kwaɗayi ne, wannan kam ba shi ba ne.

Dattawan suka haɗa kai suna magana ƙasa ƙasa, na ɗan lokaci har na fara sa rai. Sai babbansu ya gyara murya ya ce, "Mun ji, kuma da mu ne, da mun ɗauke ta. Amma ba mu muka kafa dokar ba, ba mu da ikon sassauta ta. Doka ta ce sau uku, ba ta ce sai dai in da tsohuwa ba. Mai son a gyara, ya kai wa babban taro bayan Sallah."

Saura wata bakwai Sallah. Yaya ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya sa hularsa.

Kawu ya tashi a hankali ya nufi allo. Lambar motar Yaya ce ta uku daga sama, da yammacin ranar zai yi lodi. Tausayin Kawu ya kama ni, na yi sauri na ɗauki tsumman don in ɗauke masa wannan nauyi. Ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Bari. Wannan kaɗai ka bar mini."

Ya karɓi tsumman, ya goge lambar ɗan yayarsa, ya matsar da ta ƙasa zuwa gurbinta.