Baba Na'ibi Mai Keke da Hanyar Tafkin Maiƙaho

Duk wanda ya saba bi ta bakin tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda da sassafe ya san rumfar. Kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Malam Na'ibi ya riga ya share gabanta, ya zuba ruwa a tsohon bahon da yake gwada tib a ciki, ya rataye famfo a ƙusa. Sai ya zauna kan kututturen dabino ya kifa keken farko, ƙafafunsa sama, ya murza feda yana sauraren kukan sarƙa. Ba ya yawan magana da safe. In ka gaishe shi zai amsa, ya tambayi mutan gida, idonsa na kan taya. Malaman makaranta, masu tallan yadi da ke zuwa Kasuwar Daji, manoma daga ƙauyukan kan hanyar Shinkafi, kowa a nan yake jingine kekensa. A ƙarshen watan nan Baba Na'ibi zai rufe rumfar ya koma gida ya huta, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani a kansa tun yana iya jin sa da kunnensa.

Mutane da yawa sun san shi da faci da gyaran birki kawai. Kaɗan ne suka san cewa shi ya fara fitar da mu yawon keke. Shekarar da aka ba mu jiha, ya tara mu, malamai da 'yan kasuwa masu keke, ya ce abin kunya ne a ce muna da jiha tamu amma ba mu san dajinta ba. Daga nan duk kaka, in ruwa ya ɗauke, sai mu kama hanya mu kwana Dauran, gari na wayewa mu shiga gandun daji mu zagaya wani tafki da ke kwance tsakanin duwatsu, wanda makiyayan wurin ke kira Maiƙaho. Wuri ne mai sanyi, kanya da marke sun rufe bakinsa, dinya na iyo a tsakiya. Shi ke gaba kullum, da jakar kayan gyara a ƙahon kekensa, kuma bai taɓa barin wanda tayarsa ta sace a baya ba.

Abin da nake son bayarwa ya faru ne a kakar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Ni, Abdulhadi, malamin makaranta ne a lokacin, kuma ina cikin tafiyar. A wannan shekarar maganar hukuncin ɓarawo ce a bakin kowa, a kasuwa da masallaci da teburin mai shayi. Kalmar sata ta yi nauyin da ba ta da shi a da.

Mun isa bakin tafkin rana ta take. Muka jingine kekuna a gindin wata kanya, muka gangara muka yi alwala, muka tayar da azahar. Da muka sallame muka hau, sai Bilyaminu, wani matashin ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, ya tsaya cik. Sabon kekensa, wanda ko ledar sirdi bai cire ba, babu shi. Ga sawun taya a kan rairayi ya nufi gabas, yana karkace-karkace.

Wani daga cikinmu ya ara wa Bilyaminu keke, muka bi sawun. A hanya muka haɗu da wasu manoma suna dawowa daga yankan dawa, da laujensu a hannu. Da suka ji an ɗauke keke kuma sawun ya nufi ruga, ba wanda ya gayyace su, suka biyo mu. Daga maganganunsu na gane akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsu da mutanen rugar kan shanu da suka shiga gona. Na dubi Baba Na'ibi, na ga ya ƙara sauri don ya riga kowa isa.

Bai riga Bilyaminu ba. A bakin rugar muka tarar da wani mutum dogo, ya durƙusa gaban keken yana kokawa da sarƙar da ta zame. Bilyaminu ya yar da keken aron da ya hawo, ya cakumi wuyan rigarsa.

"Ga ɓarawon nan. Wallahi sai gaban alƙali a Zurmi."

Mutumin bai yi gardama ba, bai kuma saki sarƙar ba. Kafin mu ankara maza sun fito daga bayan bukkoki da sanduna, wani dattijo a cikinsu ya dafa kuben takobinsa. Manoman suka ja layi a bayanmu, wani ya ce a ɗaure shi tukuna, wani ya ce a ƙone rugar kowa ya huta. Mata suka fara jan yara zuwa cikin shanu. Ni dai na san in sanda ɗaya ta sauka a kan mutum ɗaya, ba mai iya tsayar da abin da zai biyo baya, kuma muna tsakiyar daji, ba hukuma ba mota.

Baba Na'ibi ya sauka daga kekensa a hankali, ya tura shi har tsakiyar fili, ya kafe shi tsakanin sanduna da lauje. Bai dubi kowa ba sai keken Bilyaminu. An naɗe bargo an ɗaure a kan kariyar baya da igiyar tatsar shanu. Ya nuna bargon, ya tambayi mutumin da murya ƙasa-ƙasa.

"Mi sunanka?"

"Amadu."

"Amadu, wa za ka ɗauka bisa wanga bargo?"

Mutumin ya nuna wata bukka da haɓarsa. "Ɗiyata, Ladidi. Kububuwa ta sare ta wurin itace. Na ishe ku kuna salla, ban iya jira."

Baba Na'ibi ya sunkuya ya shiga bukkar, na bi shi. Yarinya ce da ba ta wuce shekarun 'yan firamare ba, kwance a kan tabarma, ƙafarta ta kumbura har gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Uwarta na riƙe da kanta, ta daina kuka ma. Baba Na'ibi ya fito, ya tsaya gaban Bilyaminu wanda har lokacin bai saki rigar ba.

"Bilyaminu, shiga ka gani da idonka."

Ya shiga. Da ya fito fuskarsa ta sauya. Ɗaya daga cikin manoman ya ce ciwo daban, sata daban, shi dai ya ga ɓarawo da kaya a hannu kuma zai ba da shaida. Sandunan da suka fara sauka suka sake tashi.

Baba Na'ibi ya ce, "Mai kaya ɗai ka faɗin an yi mai sata. Bilyaminu, ga jama'a na saurare. An sace maka keke?"

Ina jin kukan ɗan maraƙi a bayan ruga. Bilyaminu ya dubi kekensa, ya dubi ƙofar bukkar.

"A'a, Baba. Aro ya yi."

"To ku kun ji. Ku koma ga dawarku, Allah shi yi albarka."

Bai jira ya ga sun tafi ba. Ya mayar da sarƙar da yatsu biyu, ya ce a fito da yarinyar. Ba ta iya zama da kanta, sai aka ɗora ta a bayan kekensa, uwarta ta kwance mayafinta aka ɗaure ta a bayansa kamar goyo. Amadu bai iya keke sosai ba, sawunsa ma ya nuna. Baba Na'ibi ya ce wa Bilyaminu ya ɗauko shi. Haka Bilyaminu ya ɗora mutumin da ya shaƙe ɗazu a kan bargon nan, muka tashi.

Hanya biyu ce daga rugar zuwa titi. Ɗaya ta zagaya tafkin ta yamma, shimfiɗaɗɗiya amma doguwa, ita muka saba bi. Ɗayar ta hau gefen dutse ta gabas, turbar awaki ce, dutse a hagu, rami da ruwa a dama. Kullum in mun zo nan Baba Na'ibi hana mu bin ta yake yi. Ran nan ita ya ɗauka, ya ce sauran su bi ta yamma, ni da Bilyaminu da Amadu mu biyo shi a ƙasa muna tura namu in ya gagara.

Baba, ina bayanka a wannan turba. Na ga tsakuwa na zubowa daga ƙarƙashin tayarka tana faɗawa ruwa. Na ga kan yarinyar yana lilo a kafaɗarka, kana kiran sunanta kana cewa ta amsa, kada ta yi barci. A gangaren ƙarshe nauyi ya fi ƙarfin birkinka, keken ya kwasa ya nufi bakin ramin. Ka sauke ƙafar dama ka toƙare dutse da ita, duk nauyinku ya sauka a gwiwarka. Na ji ƙarar daga inda nake. Ka tsaya, ka ɗan sunkuyar da kai, ka laluba bayanka ka tabbatar ɗaurin bai kwance ba, sannan ka mayar da ƙafar kan feda. Kai ne mutumin da ya tuka sauran hanyar da ƙafa ɗaya da rabi har muka ga kwalta.

A titi muka tare wata motar hatsi ta kai mu asibiti a Zurmi. Sai da aka karɓi yarinyar aka shiga da ita, sannan Baba Na'ibi ya zauna a ƙasa, ya kasa tashi. Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Ladidi ta yi kwanaki tsakanin rai da mutuwa, Allah ya tashe ta. Yanzu ta girma, tana ɗan ɗingishi kaɗan, tana kawo nono kasuwar Zurmi. Ba a kai kowa gaban alƙali ba, ba a ƙone bukka ko ɗaya ba. Shekara ta zagayo muka koma tafkin, Amadu ya tare mu da fura da nono, shi da Bilyaminu suka sha a ƙwarya ɗaya.

Gwiwar ce ba ta koma daidai ba. Ya ci gaba da jagorantar mu shekaru yana ɗaure ta da tsumma, har ta kai shi ga ko durƙuson gyara yana yi masa wuya. Matarsa, Inna Saudat, ta gaya mini ba ta san yadda ya ji ciwon ba sai da Amadu ya zo gaisuwa da ɗan rago, don shi ce mata ya yi ya zame a dutse. Da na ce masa zan rubuta labarin, ya ce in rubuta cewa Bilyaminu ne ya yi abin kirki, don shi ne aka ɗaukar wa kaya.

Na rubuta, Baba, amma na rubuta naka ma. Mun gode, gwanin turba, mai shiga tsakani. Allah ya ba ka lafiyar ƙafa, ya sa hutun nan ya zame maka alheri. Ku kuma matasan da za ku gaji wannan yawo, ba sai kun iya gyaran sarƙa kamarsa ba. In rana ta zo kuka tarar da mutane sun ja daga, kowa da abin duka a hannu, a samu ɗaya a cikinku da zai sauka daga kekensa ya fara tambayar abin da ya faru.