Sa Hannun da Yaya Rabi Ta Ƙi Yi

Shekara tara ke nan da muka raka Yaya Rabi makwancinta. Ita ce babbarmu, injiniyar ruwa ce a wata ma'aikata a birni. Ni ƙaninta, noman rani nake yi a fadamar da mahaifinmu ya bar mana, a bakin rafin da ke gangarowa daga wajen filin jirgin sama.

A shekarun da buhun masara ya fi ƙarfin ma'aikaci aka ce za a faɗaɗa filin. Wani kamfani ya kawo rahoto, wai sun gwada a kwamfuta, ruwan rafinmu ba zai canza ba. Aka kai wa Yaya ta sa hannu. Ta ƙi.

Ba don fadamar gidanmu ta ƙi ba, aikin ne bai yi mata ba. Ta ce sun ɗauki ruwan shekara guda sun raba shi daidai, alhali namu a Agusta yake zuba kamar da bakin ƙwarya. Sun lissafa wurin a matsayin jigawa mai shanye ruwa, bayan kuwa kwalta da siminti za a shimfiɗa. Kuma babu wanda ya tako ya auna rafin, awon wani kogi suka aro.

Shugabanta ya ce, "Hajiya, kowa ya sa. Ki bari a wuce wurin."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a auna rafin, ni ce ta farkon sawa."

Ba a auna ba. Aka mayar da ita ofishin da babu aiki sai zama, aka samu wani ya sa hannu. Inna ta roƙe ta ta sassauta saboda 'ya'yanta, ta ce, "Inna, su ma daga fadamar nan suke ci." Hawan jini ya kwantar da Yaya kafin a gama aikin filin. Ba na ɗora wa kowa mutuwarta, kwana ne ya ƙare. Amma wulaƙancin da aka yi mata ba zan kira shi ƙaddara ba.

Yau da an yi ruwa mai ƙarfi sai rafin ya taso lokaci guda. Bara ya yanke rabin gonar maƙwabcina Malam Idi. Kafin sanyi ya wuce kuma rafin ya ƙafe, tumatir ya bushe a tsaye. Da tana raye, na san ba gori za ta yi ba. Takalmin roba za ta nema ta shiga ruwan.

Ba a sa wa ko lungu sunanta ba. Amma da aka tara mu a ƙofar dagaci kwanan baya kan wani sabon faɗaɗawa, Malam Idi, wanda a da yake kiranta mai taurin kai, shi ya fara miƙewa. Ya ce wa jami'an da suka kawo maganar, "Ku zo gonata tukuna, sai mu yi magana." Har yanzu ba su zo ba, mu ma ba mu matsa ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya.